Daɓen Soro a Gonar Dawaki

Ranar Juma'ar da ta wuce 'yata Sadiya ta zo min da ƙawayenta biyu gida a Sa'alaba, unguwarmu a Jidda, wai in yi musu hanya su samu aiki a gonar dawakin da nake yi. Sun ga hotunan wurin a waya, tsohon gida na dutse, ga dabino, ga wata farar goɗiya ta leƙo kai ta saman shinge. Ɗaya a cikinsu ta ce ai wannan hutu ne ake biyan mutum ya yi, a canza zanin gado, a kunna turare, halas, shi ke nan. Na ƙara mata shayi. Da suka tafi na ɗauko takarda. Ni bakina ba ya sauri, hannuna ma haka, don ina matar aure na koyi riƙe biro a ajin yaƙi da jahilci, amma takarda tana jira na in gama magana. To 'yan mata, ga abin da ban faɗa muku ba.

Gonar tana kan hanyar Usfan, tafiyar kusan awa guda daga Jidda. Larabawa suna kiran irin wurin istiraha, inda iyali ke kama kwana biyu ko uku su huta da hayaniyar gari, yara su hau doki. Dawakinmu goma sha huɗu ne. Gidan kuwa kakan mai gonar ne ya gina shi da dutse da laka, rufin itacen dabino aka jera kamar azara aka bi shi da ƙasa. Ɗaki huɗu ne da babbar majalisa, wato falon baƙi, sai matakala ta ciki mai hawa saman soro, inda mutanen da suke kwana idan zafi ya matsa. Mai gonar, Abu Faisal, shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya min a wurin hukuma. Umara ce ta kawo ni ƙasar nan na zauna, na yi shekara biyar ina wanke gidajen masu kuɗi a Abhur ba takarda, kafin Allah ya haɗa ni da shi ya yi min iƙama, takardar izinin zama. Bana shekarata goma sha tara a gonar.

Aikina na farko shi ne sharar majalisa, kuma a ranar na kusa barin aikin. A Abhur idan aka ce ki wanke falo, tiyo ake janyowa a malala ruwa a kan tayil, a bi da roba a kore shi waje. Haka na yi. Na cika bokiti biyu na sheƙa a tsakar majalisa, ina jin daɗi za a ga ƙoƙarina. Sai ga Hajiya Kaltume ta shigo, tsohuwar da ke riƙe da gidan tun kafin ni, Bahausa haihuwar Makka, Hausarta rabi Larabci. Ta dubi ƙasa ta dube ni.

"Ke Hauwa, a kan mene ne uwarki ta haife ki?"

Na ce a kan daɓe, Hajiya.

"To esh wannan? Shekara biyar a kan tayil har ƙafarki ta manta?"

Sai a lokacin na lura ƙasar majalisar daɓe ce irin ta ɗakin innata a ƙauyenmu na ƙasar Kazaure, ta yi baƙi ta yi santsi don tsufa har na ɗauka siminti ne. Tsohon daɓe ne da ya daɗe bai ga gyara ba, ruwan ya shige ta tsagu, wurare uku suka yi laushi kamar tuwo. Hajiya Kaltume ba ta kai ƙarata ba. Ta sa na yi kwana huɗu a durƙushe ina matse wuraren da gindin kwalba, ita tana zaune a kan kujera tana nuna min da sanda inda na tsallake. Daga nan na koyi sharar gidan: a tsoma yatsu a ƙwarya a yi yayyafi kamar za a yi wa jariri wanka, a jira ƙura ta kwanta, a bi da tsintsiyar laushi daga ƙuryar ɗaki zuwa ƙofa. Bokiti ba ya ƙetare dokin ƙofa.

Shanyar zanin gado ita ce ta biyu, kuma ita ce ta fi cin lokaci kafin in iya. Baƙo yana zuwa don doki, amma ba ya son jin warin doki a matashin kansa. Barga tana yamma da gidan, kuma kullum bayan azahar iskar teku ke tasowa ta bi ta kan barga ta shigo mana da wari da gashi da ƙuda. Saboda haka wanki da asuba ake yi, a shanya a gabas bayan katanga, a kwashe kafin kiran azahar ko da bai gama bushewa ba, a ƙarasa da dutsen guga. Tagogin yamma ana rufe su tun rana tana tsaka, na gabas a buɗe. Turaren wuta kuma ba a kunna shi da safe, domin a lokacin iskar tana komawa wajen barga, kuma hayaƙi yana sa doki tari. Sau ɗaya na kunna, Ammu Usman ya zo har bakin kicin. Shi ne sayis ɗinmu, wato mai kula da dawaki, mutumin Sudan, dogo, ba ya ɗaga murya. Ya ce min, Hajja, goɗiyata ba amarya ba ce, ba ta bukatar turare. Ban sake ba.

Kayan aikina ba su da yawa: tsintsiya kala biyu, ƙwarya, dutsen guga, kaskon turare, faifai shida na rufe abinci, da kwando ɗaya cike da silifa da ke bakin ƙofa. Dabino da gahawa ba a fito da su sai an ji motar baƙi ta tsaya a bakin gona, in kin riga kin jera su, ƙuda ne zai fara karɓar baƙuncin. Kwandon silifa kuwa saboda takalma masu tsini ne. Mace ɗaya da irin takalmin nan tana iya yi wa daɓe rami ashirin daga ƙofa zuwa kujera. Ba a ce wa baƙuwa ta cire takalmi. Ana durƙusawa ne a ajiye mata silifa a gaban ƙafarta, a ce ƙasar tana da sanyi mai daɗi, ta gwada ta ji.

Baƙi iri-iri ne. Akwai mai son tsohon gida amma yana tambayar ina na'urar sanyi, sai ki yi haƙuri ki nuna masa kaurin bango, ki ce ya ba ɗakin rabin awa. Akwai yaran da ke ɓoye cakulan a aljihu su ba doki, sai kin zama mai ido a ƙeya. Akwai wani likita ɗan Najeriya da ke aiki a asibiti a Jidda, ya kawo mahaifiyarsa da ta zo masa daga Katsina. Tsohuwar ta shiga ɗaki, ta dubi gadon da na sha wahalar gyarawa, ta janye bargo ta shimfiɗa a ƙasa ta ce ita a nan za ta kwana, wata uku rabonta da ta taka ƙasa ta gaskiya. Ɗanta yana ta jin kunya yana ba ni haƙuri, ni kuwa na je na kawo mata tabarma.

Shekarar da ta fi kowace wuya ta zo ne bayan idon Hajiya Kaltume ya yi rauni ta koma wurin jikokinta a Sa'alaba, gidan ya dawo hannuna. A shekarar kuma Abu Faisal ya samu shanyewar ɓarin jiki, babban ɗansa Faisal ya karɓi gonar. Faisal ba mugun mutum ba ne, tun yana yaro nake dafa masa abinci, har yau Hala yake ce min, wato gwaggo. Yana son wurin ya yi kyau a hoto ne. Ya kawo masu wuta suka zagaye saman soro da ƙananan fitilu, suka kafa ƙusoshi a daɓen sama, suka bi da waya ta cikin indararo suka toshe bakinsa da siminti don kada wayar ta motsa. Na ce masa indararo hanyar ruwa ce. Ya yi dariya ya ce, Hala, yaushe rabon da a yi ruwa a nan? Na ƙyale shi. Guduma tana nan a barga, da na hau na fasa simintin da kaina da ba a kai ga abin da aka kai ba. Wannan laifina ne, na rubuta shi don ku sani.

Ruwan ya zo da sanyin hunturu, wata Talata da hantsi, ya yi awa uku bai tsagaita ba. Allah ya sa ba baƙi. Da na hau sama ruwa ya kai min idon sawu, ba inda zai fita sai ta ramukan ƙusa. Kafin Ammu Usman ya fasa indararon, rufin majalisa yana zuba kamar rariya, saman bangon arewa ya zame ya faɗi waje, daɓen ƙasa ya koma taɓo.

Kwana biyu bayan haka Faisal ya zo da injiniya. Suka zagaya, suka yi magana da Larabci da sauri suna zaton ba na bi. Injiniyan ya ce itacen rufin lafiyarsa lau, dutsen bango ma haka, amma ba wanda ya iya aikin laka yanzu, kuma ko an yi, ruwan farko zai narkar da shi. Faisal ya ce a rushe, a gina ƙananan ɗakuna na siminti irin na bakin teku a Abhur. Mai katafila yana wani aiki, zai zo bayan kwana ashirin da biyar. Da injiniyan ya shiga mota na matsa na ce, Ustaz Faisal, ka ba ni kwanakin nan in gwada. Ya ce ba zai kawo leburori ba, ba zai kawo kaya ba, kuma ba zai fasa katafila ba. Na ce na ji. Ya ce in har ruwa ya tsaya a saman nan bai sauko ba, to a yi magana.

Kwaɓin laka Ammu Usman ne ya ɗauka. Ashe a garinsu ma haka suke yaɓe, zibala suke ce masa. Shi da mutum biyu da ke barga suka haƙa rami, suka ɗebo laka daga kwarin bayan gona, suka zuba kashin doki da yankakkiyar ciyawa, suka tattake da ƙafa, suka rufe ya yi mako guda yana ruɓa. Da wannan suka tayar da bangon da ya faɗi, suka yi shimfiɗar farko a kan itacen rufi. Ni da na yi shekaru ina hana warin doki shiga gidan nan, ni ce na tsaya a ƙofa ina nuna wa masu baro hanya. Ammu Usman ya ce, Hajja, yau ga goɗiyata ta shigo majalisa ba silifa. Amma da ya gama ya faɗa min gaskiya, zibala tana riƙe bango, ba ta riƙe ruwan da ya kwanta. Saman soro sai abin da aka doka ya haɗe, kuma su ba su iya ba.

Daɓe aikin mata ne, kuma ba a yin sa mutum ɗaya. Na koma Sa'alaba na bi gida-gida ina neman waɗanda suka taso a ƙauye. Mata ashirin suka ce za su zo, amma akwai shingen bincike a hanya, kuma ba zan sa 'yar'uwata a mota ba takarda ba. Tara ne masu iƙama. Ƙaramar cikinmu ta haura arba'in. Babbar ita ce Hajiya Gambo mai sayar da gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wadda ta ce rabonta da daɓe tun auren ƙanwarta, amma hannu ba ya mantawa, gwiwa ce ba ta da tabbas. 'Ya'yanmu haihuwar Jidda ko sunan abin ba su sani ba. Sadiya ta tambaye ni da Larabci ko wani irin abinci ne.

Madaɓi babu shi a kasuwar Jidda. Na zana wa Ammu Usman kamanninsa a ƙasa, ya duba ya tafi, ya dawo da gindin reshen dabino, wurin nan mai faɗi da ke manne da jikin itace. Ya fere wuyan ya zama mariƙi, ya goge cikin da takardar yashi. Ya fi namu na gida rashin nauyi, amma yana zama a hannu. Makuba ma babu, don ɗorawa ba ta fitowa a nan. Sai na tuna innata tana haɗawa da bagaruwa idan makuba ta yi ƙaranci, bagaruwa kuwa tana nan buhu-buhu a shagon masu magungunan gargajiya. Muka daka, muka jiƙa a duro har ruwan ya yi baƙi-baƙi.

Ga yadda ake yi, don ku sani. A tankaɗe jar ƙasa, a gauraya da ƙananan tsakuwa, a baza da kaurin yatsu huɗu, a karkata shi kaɗan wajen indararo yadda ido ba zai gani ba amma ruwa zai gani. A yayyafa ruwa, a jera a durƙushe kafaɗa da kafaɗa, a doka tare, a ja da baya tare. In mutum ɗaya ta yi sauri sai wurin ya yi tudu da kwari. Washegari ya tsattsage, a sake yayyafi a sake duka. Haka za a yi ta yi har tsagu su daina fitowa, sannan a shafa ruwan bagaruwa a doka na ƙarshe. Ranar farko dawaki suka firgita da ƙarar, farar goɗiyar nan da kuka gani a hoto tana da ciki, ta dinga harbin ƙofa. Ammu Usman ya roƙe mu mu riƙa farawa a hankali daidai lokacin da yake zuba musu abinci. Kafin kwana uku sun saba.

Kwana biyar muna duka. Ran na shida da safe na hau, sai na tarar saman ya yi fari fat kamar an barbaɗa gari, na sa farce sai ya ɓare kamar ɓawon gurasa. Kwana goma sha uku sun tafi a cikin ashirin da biyar. Matan suka tsaya cirko-cirko. Hajiya Gambo ta ce ko ƙasar Larabawa ce ba ta jin Hausa. Na ɓanɓari ɓawon na ƙulle a gefen mayafi, na bi motar da ke kawo wa dawaki ciyawa zuwa Sa'alaba wurin Hajiya Kaltume.

Ba ta gani sosai, sai ta murza shi a yatsu ta ɗora a harshe ta tofar.

"Da wane ruwa kuka yi?"

Na ce na rijiyar kusa da gida.

"Rijiyar da ko jaki ba ya sha? Ke Hauwa, sau biyu ke nan ruwa yana kayar da ke a gidan nan."

A ƙauyenmu ruwan rijiya ruwa ne, ba wanda ke ɗanɗana shi kafin ya yi daɓe. A nan kuwa gishiri ne a cikinsa. Shi ya sa bangon Ammu Usman bai yi fari ba, shi da ruwan shan dawaki ya kwaɓa, wanda motar tanki ke kawowa. Na ce mata ruwan tanki na dawaki ne, ba zai ishe mu ba, Faisal kuma ya ce ba zai ƙara komai ba. Sai ta tambaye ni ko na taɓa tunanin ina indararon yake zubarwa. Ta ce a ƙarƙashinsa akwai faffaɗan dutse da muke ɗora tukwanen fure a kai. A ɗaga shi.

Mutum uku suka ɗaga dutsen da ƙarfen haƙa. Ƙarƙashinsa wata matattarar ruwa ce da kakan Abu Faisal ya gina, birka suke kiranta, zurfinta ya fi tsayin mutum biyu. Ranar da Ammu Usman ya fasa indararo, duk ruwan da ya kwanta a sama nan ya gangara ta wata kafa a gefen dutsen. Na zura guga na ɗanɗana. Ruwan sama ne, ba gishiri ko kaɗan.

Muka kankare aikin kwana biyar da fartanya muka zubar. Mata biyu suka ce gwiwarsu ta ƙi, ban ga laifinsu ba, muka rage mu takwas har da ni. Daga sallar asuba muke hawa, mu sauka in rana ta take, mu koma bayan la'asar. Tafin hannu ya yi kanta ya fashe, muka naɗe da tsumma. Abin da ya riƙe mu shi ne bakin Hajiya Gambo. Ita ke ba da waƙa muna amshi, kuma nan take take ƙirƙira. Ta sa mai katafila a waƙa, ta sa rijiyar gishiri, ta sa yaron da ya ɗaure wa soro sarƙar fitilu ya toshe masa maƙogwaro. Rannan Faisal ya hawo ya same mu a kai, ya ji sunansa yana yawo, ya tambaye ni me take cewa. Na ce tana ba da labarin indararo ne. Ya ce ya fito da kyau a labarin? Na ce tukuna ba a kai ƙarshe ba. Ya tsaya ya daɗe yana kallon hannuwanmu, sannan ya sauka. Da yamma sai ga tiren shinkafa da nama an aiko.

Ran kwana ashirin da huɗu ya dawo da injiniyan, kuma ya ɗauko mahaifinsa a keken marasa lafiya, don tsohon ya nace. Saman soro ya yi ja mai duhu, yana ƙyalli, in kin ƙwanƙwasa yana amsawa kamar tukunya. Injiniyan ya karce shi da makulli, ya ce yana da kyau a ido, amma laka laka ce. Na ce a toshe indararo da tsumma a zuba ruwa. Abu Faisal, da bakinsa da ya karkace, ya ce a tura shi majalisa, a ajiye shi daidai inda rufin ya fi zuba. Yana sanye da farar riga da farin rawani irin nasu. Ya ce in zai ɗiga, ya ɗiga a kansa.

Ni na zuba bokitin farko. Shekara goma sha wani abu ina hana bokiti shiga gidan nan, ga shi ranar ni ce na shigo da shi. Mutanen barga suka yi ta miƙowa daga birka har ruwa ya rufe saman duka ya kai kaurin yatsu uku. Injiniyan ya duba agogo ya ce awa ɗaya. Muka zauna a matakala, Hajiya Gambo tana jan carbi da ƙarfi kamar tana faɗa da shi. Da awa ta cika aka zare tsumman, ruwa ya bi karkatar da muka yi masa ya koma birka, bai bar ko kwari ɗaya ba.

Muka sauka majalisa. Abu Faisal ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce ko ɗigo bai gani ba. Matan suka fara hamdala. Injiniyan ya ɗaga kai yana duban itacen rufi, ɗakin da duhu-duhu, bai ga komai ba. Ni kuwa na shekara ina goge rigunan tsohon nan, na san ba ya sauke jelar rawaninsa ta kafaɗar hagu. Ranar ya sauke, ya baza ta sosai.

Ammi nake kiransa, wato baffa. Na durƙusa kusa da keken na ce, "Ammi, ɗage rawanin."

Ya harare ni. Ya ce da Larabci in yi shiru, ni da wa nake?

Na ce, "Da gidan nake, Ammi. Yara za su kwana a nan."

Faisal ya sa hannu ya ɗage. A kafaɗar rigar akwai jiƙa kamar faɗin tafin hannu, da ɗan jan ƙasa a tsakiya. Hajiya Gambo ta ce min da Hausa, a hankali, Allah ya shirye ki Hauwa, mun kashe gwiwa kin zo kin kashe magana. Na hau sama na auna da taku daga bango, na samu wurin: ƙusa ɗaya ce ta masu fitilu da ta karye a ciki ba mu gani ba, daɓen ya yi siririyar tsaga a kanta kamar gashi. Na kira Faisal na nuna masa. Ya durƙusa da farar rigarsa ya shafa wurin, ya dubi sauran saman da ya riga ya fara bushewa.

"Hala, da kin yi shiru da ban sani ba."

Na ce da ruwa ya sani.

Ya tambaye ni kwana nawa gyaran zai ci. Na ce uku, in an cire ƙusar. Ya ciro waya ya kira mai katafila yana tsaye a wurin, ya ce masa ya zo gobe kamar yadda aka yi, amma filin bayan dabino zai share, can za a yi sababbin ɗakunan. Sannan ya ce wa Ammu Usman, yalla, maza a kawo filaya.

Ɗakunan simintin suna nan yanzu guda shida, da na'urar sanyi da tayil, can ana malala ruwa yadda ake so. Tsohon gidan ma yana nan, kuma sai an yi wata guda ana jiran layi kafin a samu kwana a cikinsa. Daɓen majalisa mun sake shi bayan na sama. Kowace shekara kafin hunturu muna hawa mu duba tsagu, mu shafa bagaruwa, mu doka kwana biyu, ni kuma in zura hannu cikin indararo har gwiwar hannu. Cikin mu takwas, biyu sun koma gida Najeriya, Hajiya Gambo tana ba da waƙa daga kan kujera, gwiwata ni ma ta fara magana.

To wadda ta ce a canza zanin gado a kunna turare, ban ƙi ki ba, wuri akwai. Motar ciyawa tana tashi daga Sa'alaba ranar Asabar bayan sallar asuba. Ki zo da iƙamarki, ki bar takalmi mai tsini a gida, ki yanke farce. Madaɓai takwas ne rataye a bayan ƙofar kicin, uku ba su da mai riƙewa.